Mai Lambu da Rijiyar da ta Rufta

Akwai wani mutum mai lambu a bakin fadama, yana noman albasa da tumatir da alayyafo. Ƙaƙƙarfa ne, ba ya gajiya da ban ruwa, amma akwai abin da yake ɓoyewa. Wata damina, tun 'ya'yansa suna ƙanana, bangon ɗakinsa ya jiƙe ya faɗo masa, ƙasa ta binne shi har wuya kafin a tono shi. Raunukan suka warke, amma jikinsa bai manta ba. In kwano ya faɗi a tsakar gida sai gabansa ya yanke ya faɗi, zuciyarsa ta riƙa dukan ƙirjinsa kamar ana daka, bakinsa ya bushe, tafin hannunsa ya jiƙe. Wani lokaci ma ba abin da ya faɗi. Yana zaune ne kawai yana tunanin ko ruwa zai ishi albasa, sai wuyansa ya sanƙare, cikinsa ya murɗa, tuwo ya ƙi shiga.

Yakan ce a ransa, "Ni da nake riƙe da gida, wa zan faɗa wa wannan? Za a ce ba ni da bangaskiya."

Matarsa kuwa tana lura. Wata safiya ta ajiye masa koko, ya ɗauki ludayi, hannunsa na rawa har kokon ya zube masa a riga. Ta ce, "Baban Rifkatu, ka daɗe kana ɗauke da wannan kaya kai kaɗai. Sa rigarka mu je asibiti."

Malamar asibitin ta auna jininsa, ta saurari ƙirjinsa, ta ce, "Baba, zuciyarka lafiya lau take. In jiki ya ji haɗari, yakan shirya mutum don gudu ko kokawa. Zuciya ta ƙara sauri ta tura jini hannu da ƙafa, numfashi ya gajarce, ciki ya dakata da aikinsa. Haka aka halicce mu duka. Naka jikin ya taɓa shan wuya, shi ya sa yake zabura ko babu haɗari. Ba ka da iko ka ce wa zuciya ta rage gudu, amma numfashi yana hannunka. In ya lafa, ita ma za ta bi shi."

Ta nuna masa yadda zai kafa ƙafafunsa a ƙasa, ya saki kafaɗu, ya ja iska ta hanci har cikinsa ya taso, sa'an nan ya fitar da ita ta baki sannu sannu, fitarwar ta fi jan iskar daɗewa. Ta ce ya rage goron yamma don barci ya samu shiga, in kuma abu ya dame shi ya faɗa wa wadda ta kawo shi.

Mutumin ya riƙe maganar. Kowace safiya kafin ya ɗauki guga, sai ya zauna a gindin mangwaro. In ya ja numfashi ya ce a zuci, "Ya Ubangiji," in ya fitar ya ce, "ga ni a hannunka." Masu wucewa suna tsammani gyangyaɗi yake yi. Da fari bai ga wani canji ba, har ya so ya bari. A hankali barci ya fara dawo masa, ya soma cinye tuwonsa. Faɗuwar gaba ba ta daina zuwa ba, sai dai yanzu ba ta wuni tare da shi.

Ana nan, wata rana da hantsi, sai ihu ya tashi daga lambun maƙwabcinsa. Maƙwabcin dattijo ne, ya shiga yasar rijiyarsa, gefe ɗaya ya zaftare, ƙasa ta danne shi har ƙugu, ruwa kuma yana tasowa. Kafin mai lambu ya isa, jama'a sun cika bakin rijiyar. Mata suna kuka, maza kowa yana ba da umarni, ba mai jin wani.

Ya leƙa. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hancinsa, kunnuwansa suka toshe. Duk jikinsa yana ce masa ya gudu. Ya ja da baya kaɗan, ya kafa ƙafafunsa, ya ja numfashi, ya fitar, ya sake. Zuciyarsa ba ta daina bugu ba, amma idonsa ya washe, ya ga abin da sauran ba su gani ba.

Ya ɗaga murya ya ce, "Kowa ya matsa baya! Nauyinku ne yake zubo masa ƙasa."

Suka matsa. Ya sa aka gitta azara a bakin rijiyar, aka rataya igiya, ya fara ɗaura ta a ƙugunsa. Matarsa ta kama hannunsa ta ce, "Baban Rifkatu, kai ne za ka shiga?"

Ya ce, "Ni na san abin da yake ji a can."

Aka zura shi. Yana tsakiya sai ƙasa ta zubo masa a ka, ta shiga idonsa da bakinsa. Ƙirjinsa ya ɗaure tamau. Ya yi kira, "Ku dakata!" Yana reto a jikin igiya, ya tofar da ƙasar, ya ja numfashi, ya fitar da shi a hankali har hannunsa ya daina ƙoƙarin hawa sama. Sa'an nan ya ce, "Ku ci gaba."

Da ya isa ƙasa, dattijon ya cafke wuyansa yana haki, yana fizge-fizge, kowane motsi kuwa ƙara nutsar da shi yake yi. Mai lambu ya ɓamɓare hannun dattijon, ya ɗora shi a kan nasa cikin don dattijon ya ji numfashinsa, ya ce, "Baba, dube ni. Ba zan fita in bar ka ba. Yi yadda nake yi." Suka ja tare, suka fitar tare, har tsohon ya daina fizga. Daga nan mai lambu ya shiga tono da hannu, yana cika guga ana janyewa, har ƙafafun dattijon suka kuɓuta. Ya ɗaura masa igiya a ƙarƙashin hamata aka ja shi, sa'an nan aka ja mai lambu shi ma.

Yana taka tudu ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Ya zauna daɓas, jikinsa duka yana kyarma a gaban kowa. Dā can da ya nemi bayan danga ya ɓuya. Yau ya bar jikin ya gama abinsa.

Wani ya ce, "Af! Ashe tsoro kake ji?"

Ya ce, "Ƙwarai kuwa. Tun kafin in shiga."

Matarsa ta ba shi ruwa ya sha, ta wanke masa ƙasar fuskarsa. Sai ta miƙe ta rangaɗa guɗa har ta tashi tsuntsayen fadama, ta ce, "Ku dube shi da kyau, jama'a. Mijina ne!"

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Mai lambun nan kowannenmu ne. Bangon da ya faɗo masa shi ne duk wata wahala da ta wuce ta bar mana tabo a ciki: rashin da muka yi, ko ciwo, ko ranar da muka gudu muka bar gida. Bugun zuciya da rawar hannu ba zunubi ba ne, ba kuwa ƙarancin bangaskiya ba. Allah ne ya gina jiki haka domin ya tsare ranmu, shi ne kuma ya ba mu numfashi, da barci, da addu'a, da masu ilimin magani, da mutanen gida masu kunnen saurare, domin jikin ya sami hutawa bayan ya zabura. Ku lura, mutumin bai koyi natsuwa a cikin rijiya ba. Ya koye ta ne a ranakun da ba abin da ya faru, ran nan kuwa ta ceci rai biyu.

Saboda haka, in akwai wani a cikinmu yau da yake kwana da faɗuwar gaba, kada ya sunkuyar da kai. Ya faɗa wa wani kafin ya bar harabar majami'ar nan. In kuma kai aka faɗa wa, kada ka yi masa wa'azi tukuna. Matsa masa a benci, ya zauna kusa da kai.