Zumar Baba Jatau da Masu Nuni

Ku matso kusa, ga wata ta taso, kuma wadda za ta bar ku da gardama ce. Abin da nake roƙo kawai, kada kowa ya yanke hukunci sai na dire.

A wani ƙauye da ake kira Gidan Amya, can kudu inda ƙasa ta fara duhun itace, an yi wani tsoho, Baba Jatau. Shi ke riƙe da kurmin da kakanninsu suka bari. Ɗorawa ce, kaɗanya ce, maɗaci ne, kanya ce, kowace bishiya da amyarta a sama, wato ɗan gidan da ake saƙa wa ƙudan zuma. Jatau ya san bishiyoyin nan fiye da yadda ya san jikokinsa, kuma ko a gaban iyayen jikokin ba ya jin nauyin faɗa.

Sai dai kurmin ba nasa ba ne shi kaɗai, na dangi ne, zuma kuwa ta daina ciyar da dangi. Dillalan kasuwa sun saba da wadda aka dama da sukari, sai su taya tasa kamar ita. Shi kuma ya yi fushi ya kwaso jarkokinsa ya dawo gida, har ɗaki ya cika. Ana cikin haka 'yan gawayi suka fara zarya, suna zagaya kurmin suna ɗaga kai, suna shafa gindin ɗorawa kamar masu duba bijimi a kara. Bayan an gama girbi, ƙannen Jatau suka same shi a zaure.

Babbansu ya ce, "Yaya, ba raini ba ne. Amma mun ba ka daga yanzu zuwa saukar damina. In zumar nan ba ta sami kasuwa ba, zarto zai shiga."

Jatau bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Tuwo ya gagare shi. Ya kira 'ya'yansa uku ya gaya musu. Babban shi ne Haladu, mai hawa, wanda harbin zuma ya riga ya saba da fatarsa, mutum ne da sai ka yi da gaske kafin ka ciro kalma biyar daga bakinsa. Mai bi masa Zinatu, malamar firamare, da ke aure a ƙauyen gaba. Sai Mudi, mai gyaran waya a birni, wanda in ya fara gaisuwa sai ka nemi kujera.

Mudi ya buɗe musu shafi a intanet, ya sa hoton jarkoki da lambar waya, aka zauna jiran masu saye. Shiru. In ka rubuta "zuma mai kyau" a injin bincike, sai ka yi ta gangarawa har yatsa ya gaji ba ka ga Gidan Amya ba. Jatau ya tambayi dalili, Zinatu ta ce, "Baba, in baƙo ya shigo kasuwa yana neman zuma ta gari, me ake yi masa?"

Ya ce, "A nuna masa mai ita."

Ta ce, "To injin nan ma nuni yake bi. In wani ya sa adireshinmu a shafinsa, yadda mai karatu zai latsa ya faɗo wajenmu, ya nuna mu ke nan. Wanda aka fi nunawa shi ake kaiwa sama."

Nan fa tsoho ya ji rabin magana ya tafi da ita. A garinsu, wanda ke son sunansa ya tashi, maroƙa yake ɗauka. Ya haɗu da wani ɗan birni a wajen suna, mai tabarau da daɗin baki, wanda ya ce shi sana'arsa ke nan, zai tara masa masu nuni sai ya ce ya isa. Jatau bai gaya wa kowa ba, ya kwance ragonsa ya ba shi. Mutumin kuwa ya cika alkawari. Masu nuni suka yi ta zubowa, daga shafukan caca, da na masu tallar maganin banza, da wasu cikin harsunan da ba wanda ya san inda ake yin su. Injin ya duba irin taron da ke yabon Gidan Amya, ya tura shafin can ƙasa, inda ko mai shi sai ya sha wuya ya gan shi. Rago ya tafi, sanyi ya shigo, 'yan gawayi suka dawo da igiyar awo.

To, daga nan ne 'ya'yan suka ɗaura ɗamara, kuma ku saurara da kyau, don a nan shari'arku take.

Zinatu ta ce hoton jarka ba ya sa kowa ya nuna ka, sai ka ba mutane abin da za su ƙaru da shi. Abin kuwa yana cikin kan Baba, kuma a gidansu sanin zuma ba a gaya wa bare, ko suruki ba ya ji. Ta yi ta zuwa bayan an tashi makaranta, ta zauna gefen tabarmarsa tana jan sa da hira, yana ƙi, tana dawowa. Ranar da ya gaji ya ce, "Ke, sirrin kakanni kike so in zubar a titi?" ta ce, "Baba, in an sare kurmin, wa za ka gaya wa sirrin?" Daga nan ya fara magana, ta fara rubutu. Ta rubuta dalilin da ya sa zumar wani fure take duhu ta wani take haske. Ta rubuta cewa zuma in ta daskare lokacin sanyi ba shaidar sukari ba ce, ta gaskiya ma tana yi, alhali mata da yawa sun zubar da mai kyau saboda haka. Ta rubuta cewa gwajin ashana da na kiyashi da ake yi a tasha ba abin dogaro ba ne, mai ha'inci ya fi kowa iya su. Ba ta ce a sayi tasu ba ko sau ɗaya. Ta rubuta shi da Hausar da kaka za ta gane, likita kuma ba zai raina ba. Da ta karanta wa Jatau, sai ya ji muryar mahaifinsa a ciki, ya juya baya yana gyaran hula don kada ta ga idonsa.

Amma rubutu mai kyau a shafin da ke ƙarƙashin ƙasa, wa zai gan shi? Nan Mudi ya tashi. Da farko ya bi masu nunin banzan nan ɗaya bayan ɗaya, ya sanar da injin cewa Gidan Amya ta barranta da su, aikin da ya ci masa idanu. Sannan ya rufe shagonsa, ya shiga neman mutanen da in sun nuna abu ake yarda. Bai aika wa kowa saƙon roƙo ba. Karanta shafin mutum yake yi tukuna, har ya gano inda mai shafin ke da giɓi, sannan ya wanke ƙafa ya je gaisuwa. Ya sami wani malamin kwalejin noma da ɗalibansa ba su da abin karantawa da Hausa kan kiwon zuma, ya jira shi a ƙofar ofis har rana ta karkata. Ya sami wata ma'aikaciyar jinya mai shafin shawarwari ga iyaye, wadda kullum ake tambayarta zumar da ta daskare. Ya sami masu shirin manoma a wani gidan rediyo. Duk wanda ya je wa sai ya ce masa, "Ranka ya daɗe, ba talla na kawo ba. Ga abin da masu karatunka ke tambaya, in ya yi maka, ka nuna musu." Wasu suka kore shi, wasu suka ce ya dawo, ya kuwa dawo har suka ji kunya. Malamin ya fara sa adireshin, ma'aikaciyar jinya ta bi, rediyo suka karanta rubutun suka kuma sa shi a shafinsu.

Sai shafi ya fara motsi. Ku zo ku ga Gidan Amya! Kowace safiya bayan an sha koko, mutane su taru a gindin tsamiyar da ake samun sabis, Mudi ya rubuta "zuma mai kyau", a yi tsit, a ga sun ɗaga, sai guɗa ta tashi daga bayan katanga. Tsofaffin da ba su san harafi ɗaya na boko ba suka haddace siffar sunan garinsu, suna ture juna don su gani. Waya ta fara ruri, daga Kano, daga Jos, har daga Legas. Jarkoki suka yi ta fita a bayan babur. Jatau, wanda gwiwa ta hana shi hawan ko dakali, aka gan shi yana taka rawa da sandarsa.

Saura mutum ɗaya, Hajiya Turai, mai shafin girke-girke da matan arewa ke bi kamar karatu. In ta nuna ka, ka haye. Mudi ya je mata har gida, ta karanta rubutun Zinatu ta yaba, amma ta ce masu zuma sun taɓa sa ta jin kunya a gaban mabiyanta, don haka za ta duba tukuna.

Kwatsam, zuma ta ƙare. Ɗakin da ya cika ya koma sai tabarma, ɗorawa kuwa ko fure ba ta gama zubarwa ba, sabon ɗiba da saura. Masu saye na ta kira, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Ƙannen Jatau suka ce abin ai mai sauƙi ne, a je kasuwa a sayo ta dillalai a zuba a jarkokin gida, kafin a gane an tsallake damina. Jatau ya san ha'inci ne. Amma ya tuna zarto, ya sunkuyar da kai bai ce a'a ba, kowa kuma ya san ma'anar shirunsa.

Haladu ne ya miƙe. Shi ke cika jarkoki, shi ke liƙe su, shi ya yi ta hawa da waya a baki yana ɗauko hotunan cikin amya da suka ƙawata rubutun Zinatu, fuska a kumbure. Ya ɗauki makullin ɗakin ya sa a aljihu, ya ce, "Baffa, ku yi haƙuri. Ba da hannuna ba." Suka yi masa ca, suka ce shi zai jawo a sare kurmin, matarsa ma ta daina yi masa magana. Makulli dai bai bar aljihunsa ba. Ya karɓi wayar, duk wanda ya kira ya ce masa, "Ta ƙare. Sai sabuwa ta nuna." Wata mata ta nace, ta ce bikin 'yarta ne, ko nawa ne za ta biya, ko daga maƙwabta ne ya samo mata. Ya ce, "Hajiya, wadda ban ɗebo da hannuna ba, ba zan sa mata sunan Baba ba." Masu saye suka fara ja da baya, 'yan gawayi suka kawo zarto suka ajiye a gidan mai unguwa. Jatau ya kwanta ciwo.

Ashe matar nan ƙanwar Hajiya Turai ce, kuma Hajiya na zaune kusa da ita tana ji. Ba a yi mako ba Hajiya ta saki dogon rubutu a kan gidan zumar da ya iya cewa babu, ta sa adireshin Gidan Amya a sama da ƙasa. Shafuka suka yi ta ɗauka suna nunawa, manya da ƙanana, waɗanda Mudi bai taɓa jin sunansu ba. Da safe aka taru a gindin tsamiya, Mudi ya rubuta. Ba a gangara ko kaɗan ba. Ga su nan a kan gaba. Aka ɗauki Haladu sama yana ta roƙon a sauke shi, Jatau ya fito daga ɗaki ba sanda. Kafin a ɗebi sabuwar zuma, duk an riga an kama ta. Ƙannen Jatau da kansu suka mayar wa 'yan gawayi zartonsu.

Kurmi ya tsira, sai dai dangi suka ce Yaya ya tsufa, ya faɗi wanda zai riƙe shi bayansa. Al'adar gidan ita ce, ranar ɗiban farko mai riƙo ya ɗauki saƙar zuma ta fari ya miƙa wa magajinsa a gaban jama'a, ɗungurungum, ba a gutsura ba a rabawa, don kurmin baki ɗaya yake ji. Kada kuma wani ya ce mini Zinatu mace ce, kakar Jatau ta riƙe kurmin nan har ta tsufa.

Ga shi nan tsaye a gindin babbar ɗorawa, saƙa a hannu, 'ya'yansa uku a durƙushe. Ya dubi Zinatu, ya san da ba ta fasa shirunsa ta rubuta ba, da babu abin da za a nuna. Ya dubi Mudi, ya san da bai share ɓarnar da shi uban ya yi ba, ya bi ƙofa ƙofa, da rubutun na can ƙasa har yau. Ya dubi Haladu, wanda ya tsaya a ranar da shi kansa ya kasa tsayawa, ya san da an zuba ta kasuwa, da masu nunin nan sun juya yatsunsu sun zama masu tona asiri. Yana son su duka uku, kuma duk wanda ya ba, biyu za su koma gida hannu wofi. Zuma ta fara bin hannunsa tana ɗiga daga gwiwar hannu, ƙudan zuma sun fara taruwa, jama'a sun zuba masa ido.

To, ku da kuka ji komai, wa Baba Jatau zai miƙa wa saƙar nan?