Guga a Tudu, Igiya a Kwari

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta ƙaraso, muna saurare.

Ƙananan hukumomin Tudu da Kwari rijiya ɗaya suke sha, a bakin iyaka. A taron haɗin gwiwa aka damƙa wa Ciyaman Bunsuru na Tudu guga, aka ba Ciyaman Zakara na Kwari igiya. To, a al'adarsu, wanda ya riga isa wuri shi ne ƙarami. Sai kowannensu ya laɓe bayan suri yana leƙe, rana tana ta hawa.

Zabuwa kuwa ƙishi ya hana 'ya'yanta ko tsiyau. Ta sami Bunsuru ta ce, "Ranka ya daɗe, Zakara tun asuba yake jiranka."

Ya shafa gemu. "Dama yaron jiya ne!"

Ta zaga wajen Zakara. "Yallaɓai, mai gemu ya gaji da tsayuwa."

"Madalla, ya san babba!"

Suka taho da taƙama, suka iso tare.

"Kai ka riga ni!" in ji Bunsuru.

"Wallahi warinka ya riga kowa!" in ji Zakara.

Suna cikin musu, Zabuwa ta ƙulla igiya a guga. 'Ya'yanta suka sha, muryarsu ta dawo. Har yau kwamiti yana binciken wanda ya riga zuwa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, mai jin ƙishi ya tashi ya sha.