Gafiyar da Aka Ba Gadin Rumbu

An yi wani masaƙi, Jatau, da ya tsara waƙa a kan gafiyar da aka ba gadin rumbu. Waƙar ta ratsa manoma, har suka daina kai hatsi rumbun hakimi. Shamaki, babban bafaden hakimi, ya kai tsegumi, aka kamo Jatau.

Hakimi ya ce, "Shamaki ya warware mini baitocinka ɗaya bayan ɗaya. Wane ne gafiyar? In ka ce ni ne, ka zage ni. In ka ce ba kowa, ka yi mini ƙarya. Kowanne ka zaɓa, kurkuku za ka kwana."

Jatau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni gafiya mai wutsiya na sani. Waƙar ta kira ta ɓarauniya, maƙaryaciya, marar kunya. Shamaki ne ya duba duk faɗin ƙasar nan, bai ga wanda siffofin suka dace da shi ba sai kai. Ni kam bakina ba zai iya ba."

Hakimi ya waiwayi Shamaki ya ce, "Ashe haka kake kallona?"

Don jama'a su tabbata ba da shi ake ba, hakimi ya sa Jatau ya rera waƙar a ƙofar fada, shi da kansa yana yi masa amshi.