Ɗanya da Dafaffiya

Yara, ga dalilin da ya sa kuke ganin ƙunshi biyu duk lokacin da za a sauko da manhajar auna kogi. Ɗaya ana ce mata dafaffiya, an riga an haɗa ta, sakawa kawai za ka yi ta kama aiki. Ɗayar ɗanya ce, wato rubutun da mutum ya yi kafin a juya shi zuwa abin da na'ura take ganewa. Da can dafaffiya kaɗai ake rabawa.

A lokacin akwai wata mata, Uwani, mai kula da ƙaramin gidan rediyo a wani gari na bakin kogi. Manhajar ce take gaya mata in ruwa zai cika, ita kuma ta sanar da manoman fadama su yanke shinkafa. Ana tsakiyar damina kwamfutarta ta mutu. Aka kawo mata sabuwa, 'yar ƙarama kamar sandar sabulu. Ta saka manhajar, ta ƙi buɗewa. Ta goge, ta sake sakawa, ta kashe, ta kunna, shiru.

Ta rungumi kwamfutar ta hau mota zuwa birni wurin Sallau, mai raba manhajar. Ya saka manhajar a tasa kwamfutar, nan take ta buɗe.

Ya ce, "Ai ga ta nan lafiya lau, Hajiya."

"To tawa kwamfutar ce ta lalace?"

Ya dudduba. "Ita ma lafiyarta ƙalau."

"Malam Sallau, manhaja lafiya, kwamfuta lafiya, to wa ke da ciwon? Ni?"

Sallau ya sosa ƙeya, can ya gane. Kayan cikin sabuwar wani iri ne daban, shi kuwa don irin tasa ya dafa. Sai an koma ga ɗanya an sake haɗawa a kan tata.

Uwani ba ta gane ba, amma ta ce, "To kawo ɗanyar."

Ya nema ya nema, babu. Ashe tun bara ya goge ta saboda ta cika masa wuri a kwamfuta. Wanda ya rage da ita shi ne Jatau, abokin aikinsa na da, kuma a kan wannan maganar suka ɓata: Jatau ya ce a riƙa raba ɗanya, Sallau ya ce wa zai karanta.

Uwani ta dubi hadarin da ya haɗu gabas, ta tasa Sallau a gaba har shagon Jatau.

Jatau ya ji bayani ya ce, "Zan bayar, Hajiya, amma da sharaɗi. Daga yau dafaffiya ba za ta fita ba sai ɗanya na biye da ita."

Sallau ya miƙa masa hannu, ya ce ya yarda.

Suka haɗa manhajar a kan 'yar kwamfutar, ta buɗe. Uwani ta ce, "To in ɗanya ce mai shiga ko'ina, ku daina dafawa mana."

Jatau ya ce, "A'a, yawancin mutane ba su da kayan haɗi. Dafaffiya ta fi musu sauƙi."

"Ɗazu fa ita ta ƙi ni."

"Ke ce kika zo da kwamfuta wata iri."

Ta dafe kai. "Ku dai ba ni duka biyun in tafi."

Tana isa gida manhajar ta nuna kogi na tasowa. Ta yi sanarwa, aka yanke shinkafa kafin ruwa ya shafe fadama. Da aka tambaye ta me ya lalace, ta ce wallahi ba abin da ya lalace, an dai gyara.

Shi ya sa har yau manhajar take fita biyu-biyu. Kusan kowa dafaffiya yake ɗauka, ɗanyar tana gefe tana jiran mai kwamfutar da ba a taɓa gani ba.