Man Ƙosai a Injin Ban Ruwa

Akwai wani manomin rani da ya dasa tumatir a bakin rafi, yana shayar da shi da wani tsohon injin ban ruwa mai shan dizal. Da tumatir ya soma fure, sai dizal ya ɓace a garin, ko ɗigo babu. Kwana biyu ba ruwa, ganye ya fara langaɓewa, ga kuma rafi cike a gabansa.

Matarsa kuwa mai suyar ƙosai ce. Ya iske ta za ta zubar da man da ya yi baƙi, sai ya riƙe kaskon.

Ta ce, "Maigida, man nan ya mutu. Ko kare ba ya lasa."

Ya ce, "Ai ba kare zan ba shi ba. Ajiye mini, ki roƙo mini na ƙawayenki."

Ana ta yi masa dariya, shi kuwa ko a jikinsa, har ya cika jarka. Ya bar man ya kwanta, ya tace da tsumma. Amma da ya kai gindin jarkar, ya ga baƙar laka mai ƙonannen garin ƙosai, sai ya kasa zubarwa. Ya ce a ransa, "Wannan ma ai mai ne, da ƙyar na samo shi." Ya juye duka a inji. Inji ya tashi, ya yi tari, ya shaƙe, ya mutu.

Ransa ya ɓaci ƙwarai, gama ya san shi ya jawo wa kansa. Duk da haka ya ce, "Tumatirin nan ba zai mutu ina kallo ba." Ya kwance injin, ya wanke bututunsa, ya tsiyaye man, ya tace sau uku, ya ɗumama shi ya tsinke. Lakar kuwa ya haƙa rami ya binne ta. Da ya tada injin, ruwa ya ɓarke cikin gona, hayaƙi yana ƙamshin ƙosai. Tumatir ya farfaɗo, sai fangali biyu, wato ɓangare biyu na shukar, da suka bushe a yinin da aka ɓata wajen gyara.

To, ga ma'anar misalin. Man nan shi ne mutumin da duniya ta ce ya gama amfani. Allah ba ya zubar da irinsa, yana da aikin da zai sa shi. Tacewar ita ce tuba. Lakar kuma ita ce ɗan zunubin da muke ƙyashin rabuwa da shi, ko gaba da ɗan'uwa, ko ƙarya, ko kwalbar giyar da aka ɓoye. Mukan tuba daga manya, mu ce wannan ƙarami ne, a bar mana. Shi ne kuwa yake shaƙe addu'armu, har waɗanda ke jiran ruwa daga wurinmu su bushe.

'Yan'uwa, kowa ya san abin da ya kwanta a gindin jarkarsa. Ya haƙa rami yau, tun ganye bai bushe ba.