Hambali da Tekun Disamba

Akwai wani Bakano a Kuala Lumpur mai suna Hambali, wanda ya daɗe yana karatun digiri na uku har sababbin zuwa suna yi masa kallon ɗan gari. A unguwar Taman Melati yake zaune da matarsa Saudatu da 'yarsu Zuhra. Yana da ƙane, Al-Amin, mai karatu a unguwar Bukit Jalil, wanda mahaifiyarsu ta damƙa masa amanarsa tun a filin jirgi.

Duk ɗalibin Arewa da ya sauka garin, kafin ya gane hanyar makaranta ya san sunan Hambali, domin shi ne mai shirya yawon hutu. Shi zai zaɓi dutsen da za a hau, shi zai nemo mota, shi zai tsaya a tsakiyar hoto. Har laƙabi suka sa masa, Sarkin Hanya. Idan an kira shi da sunan sai ya ce a daina, amma fa bakinsa ba ya rufuwa.

Ana nan sai ga sabon ɗalibi, Muhyiddeen, mutumin Yawuri, wanda ya tashi a bakin kogi. Saurayi ne mai ladabi, ba ya gaishe da babba a tsaye.

Wata ranar Asabar an haɗu shan shayi a mamak, wato shagon shayi da abinci irin na garin, Hambali ya gyara murya ya ce bana ma dutse za a hau.

Wani ya ce, "Dutse kuma? Sarkin Hanya, gwiwoyinmu sun gaji fa."

Muhyiddeen ya ce, "Idan an ba ni dama, me zai hana a haɗa uku? A hau dutsen da safe, a bi kogi a kwale-kwalen roba mai iska, washegari a shiga teku da ƙananan kwale-kwalen nan na kayak."

Wuri ya ɗau hayaniya. Kafin shayi ya huce an riga an ɗora masa shirin, har wani mai tsokana ya ce yau an samu Sarkin Ruwa. Hambali ya yi dariya tare da kowa, amma dariyar iyakarta leɓe. Da ya koma gida ko abinci kasa ci ya yi.

Daga ranar, idan Muhyiddeen ya yi magana a gurup ɗinsu na waya, sai Hambali ya tsaya yana duba su wa da wa suka amsa masa. Idan ya ji an yabe shi, sai ya ce ai yaro ne, zafin sabon zuwa ke ɗibarsa. Hassada ce tsagwaronta, ba wani suna da za a sa mata.

Shi kuwa Muhyiddeen bai san ana yi ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya bi Hambali har bakin mota.

Ya ce, "Yaya Hambali, kai ka san ƙasar nan, ni baƙo ne. Na zaɓi bakin tekun gabas, na sa tsakiyar Disamba, tunda lokacin damina ta wuce, ruwa ya kwanta. Ya ka gani?"

A nan fa Muhyiddeen ya yi kuskuren da duk ɗan Arewa zai iya yi. Lissafin gida ya yi. Mu a wajenmu Disamba ko ɗigo ba a yi. A gabashin Maleshiya kuwa lokacin ne iska da ruwan sama suke tasowa, teku ya haukace, har tsibirai su rufe masaukansu. Hambali ya san haka sarai, don shi kansa bai taɓa kai kowa can a wannan watan ba.

Kalma ɗaya ta isa. Amma sai ya tuna dariyar da aka yi a mamak.

Ya ce, "Lafiya lau. Shirinka ya yi."

Muhyiddeen ya riƙe hannunsa da hannu biyu yana godiya.

Don a yi masa adalci, Hambali bai nufi kowa da cuta ba. Abin da ya hango shi ne su sha doguwar tafiya, su tarar ko'ina a rufe, su dawo suna tsaki, sunan Sarkin Hanya ya koma inda yake. Har a gurup ya rubuta cewa ya duba shirin, babu matsala, shi dai rubutu ne ya riƙe shi ba zai samu zuwa ba.

Saudatu ta ga saƙon a wayarsa ta ce, "Abban Zuhra, ba kai ka hana mu zuwa can bara ba, ka ce tekun ba ya shiguwa a Disamba?"

Ya ce, "Ba sun ce sun samu Sarkin Ruwa ba? Ya nuna musu."

Ta ce, "Amma ai tambayar ka ya yi."

Ya ce, "Ki bar maganar nan, don Allah."

Ta bar maganar, amma kallon da ta yi masa bai yi masa daɗi ba.

Ranar tafiya hotuna suka fara shigowa. Na farkon da ya buɗe, ga su a kan dutse, Muhyiddeen a tsakiya, daidai inda shi yake tsayawa. Ransa ya ɓaci, ya rufe gurup ɗin bai sake leƙawa ba. Da ya daure ya buɗe hoto na gaba, da ya ga Al-Amin sanye da rigar ruwa mai hana nutsewa a cikin kwale-kwalen roba yana ɗaga hannu.

Washegari bayan la'asar wayarsa ta yi ƙara. Ɗaya daga cikin matafiyan ne.

"Yaya Hambali, muna asibiti. Al-Amin ne."

Ya ce, "Wane Al-Amin? Me ya kai shi can?"

Ashe ba su tarar da ko'ina a rufe ba. Da safe teku ya yi luf, suka samu wani mutum a bakin ruwa ya ba su hayar kayak. Sun ɗan yi nisa ke nan iska ta juya. Igiyar ruwa ta kifar da na Al-Amin, wanda ko a kududdufi bai taɓa iyo ba, rigar ruwan da bai ɗaure da kyau ba ta zame masa. Muhyiddeen ne ya faɗa ya kamo shi, ruwa ya maka su a jikin dutse, kafaɗarsa ta goce, amma bai sake shi ba har suka kai gaɓa.

Hambali bai san yadda ya tuƙa motar ba. Duk tsawon hanya abu ɗaya yake juyawa, abin da zai faɗa wa Hajiya, mahaifiyarsu, idan ta kira.

Ya tarar da Al-Amin a kwance an sa masa robar numfashi a hanci. Ya sha ruwa sosai, amma likita ya ce zai tashi. Hambali ya zauna a kujera a gefen gado, tsoron da ya cika shi ya fito a faɗa.

"Wa ya ce ka bi su? Kai da ba ka iya ruwa ba?"

Al-Amin ya ce a hankali, "Yaya, da farko na ƙi. Da na ga ka rubuta babu matsala sai na ce to shi ke nan. Ai ba za ka ce haka ba sai ka tabbatar."

Hambali ya sunkuyar da kai.

Sai ga Muhyiddeen ya shigo, hannu rataye a wuya, fuska duk ƙurje. Bai tsaya ko'ina ba sai gaban Hambali, ya durƙusa a gaban kowa, idonsa ya kawo ruwa.

Ya ce, "Yaya, ka yafe mini. Na ɗauko ƙaninka na kusa hallaka shi. Mutanen garin nan sun ce kowa ya san ba a shiga tekun a wannan watan. Ni dai na ce musu ƙaddara ce, tunda har kai da ka daɗe a ƙasar ba ka sani ba."

Da Hambali ya gyaɗa kai kawai, da maganar ta wuce har abada, sunansa na nan yadda yake. Ya dubi hannun da ke rataye, ya dubi ƙaninsa da ke numfashi saboda wannan hannun.

Ya sauko daga kujera ya durƙusa shi ma.

Ya ce, "Tashi, Muhyiddeen. Na sani. Tun ranar da ka tambaye ni na sani."

Al-Amin ya juya fuskarsa ga bango.

Muhyiddeen ya yafe masa tun kafin su bar asibitin. Al-Amin kuwa ya warke, yana zuwa gaisuwa Taman Melati kamar da, sai dai duk abin da yayansa ya faɗa masa yanzu, sai ya sake tambayar wani.

Darasi: Wanda ya nemi shawararka amana ya ba ka, ko da kana jin ya sha gabanka. Idan hassada ta sa ka ɓoye gaskiya don wani ya ji kunya, ba kai za ka zaɓi wanda abin zai faɗa wa ba, kuma yardar da ka zubar ba ta dawowa da neman gafara kawai. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman waɗanda ake zuwa wajensu tambaya.