Keken Jariri a Baranda

An yi wani mutum a garin nan namu na Tromso, mai tsananin sanyi da ƙanƙara. Ba zan kama sunansa ba, don wasunku sun sha gaisawa da shi a tashar bas. Ba ya shan giya, ba ya caca. Cutarsa ɗaya ce: ba ya yarda a kayar da shi a gardama.

Da hutun jegon matarsa Ragnhild ya ƙare ta koma aiki, sai rainon ɗansu Sindre ya dawo hannunsa. Kullum da hantsi yakan naɗe yaron da ulu da fatar tunkiya, ya sa shi a keke, ya tura baranda ya yi barcinsa a sanyi, yadda muke yi wa 'ya'yanmu. Sharaɗin kowa ya sani: ka riƙa leƙawa, ka taɓa wuyansa, in iska ta juya ka shigo da shi.

To, ashe waya ta riga ta karance shi. Ta gane fushi ke riƙe shi, ba dariya ba, sai ta riƙa tura masa abin haushi, loma bayan loma. Lokacin ana rigimar kyarketai ne, a harbe su ko a bar su. Shi da bai taɓa ganin kyarkeci ba sai a hoto!

Matar ta sha ce masa, "Baban Sindre, ɗago kai mana, wayar ba guduwa za ta yi ba." Sai ya ce minti ɗaya.

Ranar Laraba wani da bai sani ba ya kira shi jahili a intanet, a gaban jama'a. Ya zauna mayar da martani. 'Yar na'urar da ke kawo masa motsin yaron ta fara ƙara, ya rage mata murya don tana katse masa tunani. Iska ta juyo daga teku. Yaron ya fizge safar hannunsa, ya yi kuka, ya gaji, ya yi shiru.

Ya 'yan uwa, minti ɗaya nawa ne a cikin awa uku?

Likitoci sun ceto ran yaron, amma sanyi ya cinye masa yatsu uku. Wallahi ba nan ne ya fi ba ni tsoro ba. Suna zaune a asibiti, ana aiki a kan ɗansu, sai matar ta ga hannunsa ya zame cikin aljihu, ya fito da waya, babban yatsa na shafa gilashinta. Shi kansa bai san ya ciro ta ba.

Ta dube shi, ta ce, "Abokin gardamar taka ya ba ka amsa?"

Maganarta ta ƙarshe ke nan a matsayin matarsa.

Abin da kake ba idonka kullum, shi zai mallaki hannunka ranar da kake bukatarsa. Yanzu haka, wa ka bari a baranda? Allah ya kiyaye mu, ya tsare mana amanar da ya damƙa a hannunmu.